Hanyoyin da Mota ta Bar wa Keke

Kano gari ne na fili. Wanda ya tashi daga Kasuwar Kurmi a kan keke ya nufi kowace ƙofa, da wuya cinyarsa ta gaya masa ya yi hawa, in ba ta gindin Dala ko Goron Dutse ya bi ba. Shi ya sa idan mu masu hawan keke a garin nan muka ji mutanen Jos suna labarin hawa da gangara, sai mu yi gum kamar ba mu da ta cewa. Alhali muna da ita. Duwatsunmu ba su da yawa, ba su kuma da tsayi, amma kusan kowannensu akwai garin da ya taɓa fakewa a gindinsa, kuma hanyoyin da suka haɗa su su ne tsofaffin gwadaben ƙasar Kano. Da yawa daga cikinsu yau sun yi tsit, kuma kowace akwai lokacin da jirgin ƙasa ko kwalta ya zo ya kwashe mata mutanenta.

Daga Dala labarin ya fara. Masu haƙo kayan tarihi sun sami alamun narkar da tama a gindinsa tun wajen ƙarni na 7, wato ɗaruruwan shekaru kafin Bagauda, wanda littafin Tarihin Kano ya sa farkon sarautarsa a 999. Tsayin dutsen bai kai mita 100 daga unguwannin da ke kewaye da shi ba, amma a ƙasar da take shimfiɗe kamar faifai wannan ya isa. Daga kansa ana hango ƙurar maƙiyi tun da nisa, a jikinsa akwai tama, a kusa da shi akwai ruwan Jakara. Sauran duwatsun yankin ma haka suka tara mutane: Goron Dutse, Magwan, Fanisau, Santolo. Lokacin da Sarki Gijimasu ya fara ganuwa a ƙarni na 12, sarakunan baya kuma irin su Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) suka faɗaɗa ta, kowace ƙofa baki ce ta wata hanya mai zuwa wani wuri sananne. Ba wanda ya zana waɗannan hanyoyi a takarda. Ƙafar mutum da kofaton jaki ne suka zaɓe su, abin da suke nema kuwa rijiya da inuwa da zango, da kuma mashigin kogi wanda ba ya cin mutum da damina.

Mafi kusa da birni a cikin waɗannan wurare shi ne Fanisau, arewa maso gabas, a bayan filin jirgin sama. Yau muna tunawa da shi ne in Sallah ta zo, saboda hawan Fanisau. A zamanin Sarki Ibrahim Dabo (1819 zuwa 1846) kuwa sansanin yaƙi ne. Daga nan ake tare Ɗantunku, wanda ya yi wa Kano tawaye daga arewa, ya kuma kafa Kazaure a tsakiyar duwatsu. Da Baturen nan Clapperton ya iso Kano a 1824, sai da aka kai shi Fanisau kafin ya gana da Sarki. A wancan lokaci hanyar Fanisau hanyar mulki ce, dawakai da manzanni ba sa yankewa a kanta. Gari ya riga ya cimma Fanisau yanzu, bulo da kwano sun ci gonakin da ke tsakani, amma da zarar an wuce duwatsun an nufi ƙauyuka sai ƙarar mota ta ragu. Matsalar arewa ɗaya ce, yashi. Duk wanda ya sauka daga kwalta a wajejen Ɗambatta da siririyar taya zai ƙare da tura keke.

Labarin da ya fi nuna yadda hanya take mutuwa yana kudu maso yamma, a Bebeji. Wannan gari mai ganuwa babban zango ne a tsohuwar hanyar Zazzau, kuma gida ne na fatake masu zuwa Gwanja sayen goro. A nan aka haifi Alhassan Ɗantata, wanda ya tashi a cikin wannan fatauci. Ayari kan yi watanni kafin ya je ya dawo, madugu yana shugabanta, jagaba yana gaba, jakuna ɗaruruwa a jere. Ta wannan hanya ce kuma sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka biyo. Suka fasa Bebeji, suka ƙetare Challawa, suka shiga birni ta Ƙofar Kabuga ran 3 ga Fabrairu 1903, Sarki Alu kuwa ba ya gari, ya tafi Sakkwato. Duba inda Kabuga take a yau, ka duba inda Titin Zariya yake, za ka ga yadda bakin hanyar kudu ya gusa.

Abu biyu suka gusar da shi. Na farko layin dogo, wanda ya iso Kano a 1911. Goron da ake ɗaukowa a bayan jaki ta ƙasa sai ya koma shigowa ta jirgin ruwa zuwa Ikko, daga can ya hau jirgin ƙasa. Gyaɗa ta buɗe, fatake suka ajiye sandar tafiya suka koma awo, Ɗantata kansa ya zama babban mai sayenta, har buhuna suka taru suka zama abin da muke kira dalar gyaɗa. Cibiyar ciniki ta fita daga cikin ganuwa ta koma gabas, kusa da tasha, inda Fagge da Sabon Gari da kantunan Turawa suke. Na biyu kwalta. Babban titin Zariya ya fita ta Na'ibawa ya bi Tamburawa da Kura da Kwanar Ɗangora, ya bar Bebeji a gefe, sai wanda ya yi niyya yake ratsewa ya shiga. Garin yana nan da mutanensa da kasuwarsa, amma tirela ba ta da abin yi a tsohon gwadabensa. Shirun da mai keke yake samu a ƙananan hanyoyin da ke tsakanin Madobi da Bebeji, ga kuka ga ɗorawa ga gonakin dawa, gadon wannan sauyi ne.

A daidai wannan tsakani, bayan ayari ya watse kuma kafin mota ta yawaita, keke ya ci zamaninsa. Irin keken da muka sani, mai taya biyu daidai da sarƙa, an fito da shi a Ingila a 1885, Dunlop kuma ya kawo taya mai iska a 1888. Ya shigo mana da mulkin Turawa, kakanninmu suka sa masa sunaye: basukur, laulawa, da keke, kalmar da masana harshe ke dangantawa da Yarbanci. Ta zauna mana daram har muka ara wa wasu na'urori, muka ce keken ɗinki, keken rubutu. Na'urar ta dace da ƙasar Kano kamar don ita aka ƙera ta. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ƙauyuka kusa da juna, turba da burtali sun saƙa ko'ina. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin karkarar da ke kewaye da Kano tun shekarun 1960, ya nuna yadda jakuna ke shigo da itace birni su fita da taki zuwa gona, kullum, ta waɗannan ƙananan hanyoyi. Duk inda jaki ya bi keke zai bi, ya kuma riga shi isa.

Malamin makaranta, masinjan En'e, malamin gona, duba-gari, ɗan koli mai bin kasuwannin ƙauye kowace da ranarta, duk a kan keke suke. Raleigh ta Nottingham ta yi suna har sunanta ya zama ma'aunin nagarta, daga baya ma kamfanin ya kafa masana'anta a Bompai. Phoenix ta Sin da kekunan Indiya suka biyo da sauƙin kuɗi. Sana'o'i suka tsiro a gefen hanya: mai faci a gindin bishiya da kwanon ruwansa yana neman inda iska ke fita, mai gyaran birki da sarƙa, mai ba da haya ga yara da minti. Da yawanmu a kan keken haya muka koya, ƙafa ta cikin firam saboda ba mu kai sirdi ba, gwiwa duk tabo.

Akwai wani abin tarihi da direbobi ba su cika sani ba. A Amurka da Ingila masu keke ne suka fara matsa wa hukuma ta gyara hanyoyin karkara, tun mota ba ta zama komai ba. Ƙungiyar masu keke ta Amurka da aka kafa a 1880 ita ta ja gaba a wannan fafutuka. Da titin ya yi kyau sai mota ta zo ta gaje shi. A wurinmu ba masu keke ne suka nemi kwalta ba, gyaɗa da auduga ne suka kawo ta, amma ƙarshen labarin iri ɗaya ne.

Man fetur ne ya rufe wannan zamani. Farashinsa ya yi tashin gwauron zabo a 1973, kuɗi suka shigo Nijeriya, ma'aikata suka karɓi Udoji a 1975, a shekarar kuma Peugeot ta fara harhaɗa motoci a Kaduna. Malamin da yake alfahari da Raleigh ya koma babur, mai babur ya koma mota, keke ya zama alamar wanda bai samu ba. Wannan tashin farashi da ya cika mana tituna da motoci, shi ne ya sa mutanen Holan suka yi ranakun Lahadi babu mota a kan titi. Dama iyaye a can suna zanga-zanga, domin a 1971 kaɗai yara sama da 400 mota ta kashe musu. Daga nan suka shiga ware wa keke hanyarsa. Shekara ɗaya ce, man fetur ɗaya ne, kowa ya ɗauki tasa hanyar.

Sauran labarin a gabanmu aka yi shi. Acaɓa ta cika gari, har aka hana ta ɗaukar fasinja a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. Adaidaita Sahu ta maye gurbinta, ita ma da sunan keke a bakin mutane. Aka faɗaɗa tituna, aka rushe Ƙofar Na'isa aka sake gina ta yadda motoci za su wuce, aka yi gadar sama a Ƙofar Nassarawa, aka haƙa ta ƙasa a Kabuga da Gadon Ƙaya da Ƙofar Ruwa. Ba ma musun cewa sun rage cunkoso. Amma duk wanda ya zana su, mai tuƙi yake gani a ransa. Dattijon da ya ɗauro kayan miya a bayan kekensa ya iso bakin ramin Kabuga da safe, ba shi da wurin da aka ce nan ne naka.

Mu da muke cin abinci da rubuta manhajar kwamfuta mun san wannan makanta daga ciki, domin irinta ce a taswirar da ke cikin wayarka. A wurin kwamfuta taswira ɗigo ne da layi: mahaɗa ɗigo, titi layi, kowane layi kuma an ɗora masa wani nauyi. Wani masani ɗan Holan, Edsger Dijkstra, ya wallafa dabarar nemo hanyar da jimillar nauyinta ya fi ƙanƙanta a 1959, kuma jikokin wannan dabara ne ke aiki duk lokacin da ka tambayi waya hanya. Dabarar ba ta da son kai. Son kan yana wurin wanda ya yanke abin da za a kira nauyi. In ka ce nauyi shi ne mintocin da mota za ta ci, to har abada Titin Zariya za a nuna maka, ko da a ƙafa kake. In ka sauya lissafin, ka tsawwala wa titin da tirela ke bi, ka rangwanta wa ƙaramar hanya, ka ƙara da bayanan tudu da kwari irin waɗanda kumbon Amurka ya auno da na'urar rada a shekarar 2000, sai wata Kano dabam ta fito a fuskar kwamfuta. Layukan da suke haskawa sukan bi ta tsofaffin garuruwa masu ganuwa, su ratsa gindin duwatsu. Lissafi ya zagaya ya dawo kan abin da jagaba ya sani ba tare da waya ba.

Sai dai kwamfuta ba ta iya zaɓar layin da ba a zana mata ba. A taswirar OpenStreetMap, wadda kowa ke iya gyarawa, za ka tarar da unguwannin birni sun cika da layuka, ƙauye kuwa turba goma ce a ƙasa, biyu a taswira. Ko an zana, ba a rubuta cewa wannan burtali yashi ne, wancan kuma tsidau ya cika shi, ƙayar da ke huda taya sau uku kafin azahar. Wannan ilimi yana bakin mai faci da mai tallan nono da yaran da ke kiwo. Sallama da tambaya sun fi kowace manhaja aiki da zarar an bar kwalta.

Mai neman hawa na gaske kudu zai nufa. Matakin farko ƙasar Dawakin Kudu, inda ake ratsewa a Kwanar Dawaki. A can Santolo take, dutsen da ya daɗe yana gagarar sarakunan Kano har sai zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385), wanda Tarihin Kano ya ce ya ci ta bayan zuwan Wangarawa da Musulunci. Garin da ya taɓa ja da Kano yanzu ƙauye ne da gonaki. Gaba kuma, in an bar babban titi a Karfi aka bi ta Bunkure, sai Rano, kimanin kilomita 60 daga birni, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai. A nan ƙasa take fara sauya kama. Manyan duwatsu masu santsi suna fitowa daga cikin gonaki, wasu a ɗore kan wasu kamar da hannu aka jera, hanya ta fara lanƙwasa tana hawa tana sauka. A ƙarni na 19 wannan yanki bakin daga ne, Ningawa suna kawo hari daga nasu duwatsun, Sarki Abdullahi Maje Karofi ya sha fita yaƙi da su, dutse kuwa shi ne mafakar talaka.

Daga Rano zuwa Rurum zuwa Tiga, a ganinmu, babu hanyar da ta fi ta daɗin keke a ƙasar Kano. Hawan ba mai kashe mutum ba ne, gajere ne yana maimaituwa, irin wanda ke sa ka sauya giya ka tashi tsaye kan feda na ɗan lokaci, ka samu gangara ta biya ka. Ƙarshenta ruwa ne. Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ta tare Kogin Kano, daga ita ake shayar da gonakin Kadawa da Kura. Ita ma ta yi wa hanyoyi abin da jirgin ƙasa ya yi: an tashi ƙauyuka, turbobin da ke zuwa gare su suka nutse, sababbi suka fito a gefen magudanan ruwa, inda za ka yi tafiya mai nisa a miƙe tsakanin shinkafa da tumatir ba ka haɗu da kowa ba sai masu babur da kwanduna.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Kaka ta fi, daga Oktoba zuwa Nuwamba, ƙasa ta bushe amma ganye bai ƙone ba. Hunturu akwai sanyin asuba da ƙura mai shiga ƙirji. Bazara kuwa, in ba ka dawo kafin ƙarfe 10 ba, rana za ta yi maka hisabi. Damina ta fi kowane lokaci kyan gani, ta kuma fi mayar da jar ƙasa taɓo.

Can ƙarshen kudu, bayan Tudun Wada da dajin Falgore, akwai Riruwai a ƙasar Doguwa, inda duwatsun jihar suka fi tsayi, inda kuma aka daɗe ana haƙar kuza tun kafin Turawa. A taswira ita ce mafarkin mai keke. A ƙasa kuwa dajin ya yi shekaru yana da labarin ɓarayin shanu da masu tare hanya, kuma irin wannan shiru ba shi muke nema ba. Ba a shiga sai da shawarar mutanen wurin.

Wannan ya kawo mu ga abin da bai kamata mu ɓoye ba. Shirun da muke yabo, mu da muke fita ranar Asabar da hular kwano da gorar ruwa, ga mazauna hanyar sau da yawa sunansa rashi. Hanyar da babu mota ita ce hanyar da mai naƙuda take kwana a kanta a bayan babur, ita ce wadda tumatir ke ruɓewa kafin ya kai kasuwa. In mutanen ƙauye suka roƙi kwalta, da gaskiyarsu, kuma ba mu da bakin cewa a bar musu ramuka don mu ji daɗi. Abin da za mu iya nema shi ne in za a shimfiɗa, a bar kafaɗa mai faɗi a gefe, a sa abin rage gudu a bakin makaranta da kasuwa, domin yawancin masu keke a waɗannan hanyoyi ba motsa jiki suka fito ba. Ɗalibai ne, da manoma, da masu kai itace. Tun da aka cire tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023 sun ƙaru, har a cikin birni, ma'aikata da yawa sun kakkaɓe kekunan da suka jingine shekaru.

Kigali ta karɓi gasar keke ta duniya a Satumban 2025, karo na farko a Afirka, a kan tuddan da mutanenta ke hawa kullum da buhunan dankali. Mu namu tuddan suna nan, kuma mafi wuyar tafiyar ba a Rurum take ba. Tana tsakanin Ƙofar Nassarawa da Kwanar Dawaki, inda mai keke ke raba titi da tirela da motocin haya masu tsayawa ba sigina. Da yawa daga cikinmu kan ɗora keken a mota ne har sai an wuce nan, sannan a sauke a hau. Mutumin da ke tasowa daga Tamburawa da asuba da kaya a bayan Phoenix ɗinsa, shi kullum a kan sirdi yake ratsa wurin, zuwa da dawowa.